Injin Motar Yakuba

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata mini safiya," in ji Siddo makanike, ko ɗago kai bai yi daga cikin motar ba.

Hama ya tsaya a bakin garejin da ke bayan tashar Gaya, ya ce haka bawa yake gaida ubangidansa? Taubasai ne, Hama ɗan namiji, Siddo ɗan mace, kuma shekara sittin ke nan gaisuwarsu ba ta tafiya sai da zagi. Amma yau bakin Hama ne kawai ke wasa, zuciyarsa a jagule take.

Motar ta ɗansa Yakuba ce, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda sojoji suka tafi da shi Yamai shekara biyu da suka wuce, kan wata takarda da aka ce shi ya rubuta. Tsohuwar mota ce 'yar Faransa, irin wadda famfo ke fesa mata mai. Yakuba ya fi lallaɓa ta a kan cikinsa, kuma maganarsa ta ƙarshe ga uban ita ce kada kowa ya taɓa masa inji har ya dawo. To, yanzu an ba su izinin ganinsa ranar Alhamis. Uwar Yakuba, Aisata, ƙafafu sun ƙi, ba ta iya motar haya, sai a kwance, don haka sai an tada motar ɗan nata. Famfon ya mutu da dogon zama, iyakar Najeriya a rufe, a Malanville ta ƙasar Benin kuwa an neme shi an rasa. Dole ta sa Siddo ya samo injin wata taksi mai karbireta.

"Wannan ne injin? Na ɗauka na niƙan gero ne ka sato wa mata," in ji Hama.

"Ya fi ka lafiya. Shi in an murɗa yana tashi, kai sai an yi maka kiran salla uku."

"Hannun da ya gyara keken liman ya koma tafiya da baya, shi zai kai ni Yamai?"

"Har Makka, in ka daina yi masa tari a kai."

Hama ya leƙa inda tsohon injin yake a da, ya ga baƙon ƙarfe zaune daram, an yanke wayoyi, an toshe bututun mai. Shi a ganinsa, cire injin nan daidai yake da yarda cewa yaron ba zai dawo ba, kuma shi da kansa ya ba da izini. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Siddo ya murɗa makulli. Motar ta tashi da wata irin kaurin murya, ba shiru-shirun da aka san ta da shi ba. Hama ya juya baya, wai hayaƙi ne ya shigar masa ido.

"Tsohon injin fa? Na san ku makanikai, ka riga ka sayar wa maƙera, an yi tukwane da shi."

"Tun jiya. Matata ma ta dafa kifi a ciki."

Yana faɗa yana jan wani tamfol a kusurwa. Ga injin Yakuba a kan katako, an wanke shi tas, an shafe shi da mai, kowace kafa an cusa mata tsumma, ƙusoshinsa a ɗaure cikin gwangwani. Siddo ya ce ko ƙusa ɗaya bai yar ba, kuma ranar da mai shi ya dawo, yini guda ya isa a mayar.

Hama ya dubi injin, ya ce da ƙaramar murya, "In ya tambaye ni ranar Alhamis, me zan ce masa?"

"Ka ce ka hana, ɓarawon nan Siddo ya sace. In ya isa, ya fito ya kama ni."

Hama ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya laluba aljihu ya ciro farin goro guda ɗaya da ya rage masa, bai ko fasa ba, ya danƙa wa Siddo.

"Karɓi, bawa. Yau kai ka ci."