Uwar Jirage Ta Nitse a Kan Turkenta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka gaji da ɗaukar buhu, ni Abdulmutalib, manomin gyaɗa a Tudun Kaya ta ƙasar Karaye, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi mini dariya tun farko, rasuwar jirgin ruwana mai suna Uwar Jirage. Ta rasu ranar Talata da hantsi a Dam ɗin Challawa, tana da shekara biyu da wata biyar a kan ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san asalin marigayiyar ba. Mahaifina ya raba mana gonaki, amma tantabarunsa sittin ni kaɗai ya kira ya danƙa wa, ya ce, "Kada ka bari su watse." Shekara ɗaya bayan rasuwarsa muzuru da gafiya suka mayar da su goma sha tara. Na kafa tarko, na zuba ƙaya, na ɗaga ɗakinsu sama, duk a banza. Sai ƙanena Bahauddeen, mai aiki a tashar jiragen ruwa a Legas, ya zo gida sallah ya nuna mini a wayarsa wani ƙaton jirgin ruwa na yaƙi, samansa shimfiɗe kamar filin idi, jiragen sama suna tashi daga kansa, suna dawowa su sauka. Ya ce, "Yaya, wannan gari ne guda, mutum dubbai ke ciki." Ni ban ji wannan ba. Abin da na gani kawai shi ne muzuru ba zai yi iyo ya je can ba.

Malam Sulle kafinta na Rogo Ruma ne ya gina ta, a tsakar gidana, cikin wata huɗu. Durom goma sha shida a ƙasa, katako a sama, ɗaki mai tukwane arba'in na ƙwai a tsakiya, da rufin kwano da na shafa wa shuɗin fenti da hannuna. Sai da aka buga ƙusa ta ƙarshe muka lura cewa ƙofar gidana kamu biyu ce, marigayiya kuwa kamu tara. Muka rushe katanga. Matata Lauratu ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, in ka gama da katangar, ɗakina ma yana nan, ko za ka buƙace shi." Amalanke biyu da shanu huɗu suka kai ta bakin ruwa.

Shaida ta gaskiya: marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta da inji, don haka ba ta taɓa neman fetur ba. Ba ta da hayaniya, sai ɗan kukan katako, ƙiii, ƙiii, in iska ta taso, da gum, gum na durom in ruwa ya mare ta. Da safe tantabaru su tashi daga kanta garke guda, da la'asar su yi kewaye uku su sauka bi da bi, ba mai ture wani. A kanta suka hayayyafa har suka kai tamanin da huɗu. Ranar da na ƙirga su na zauna a kan katakon na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Sai dai tana da ci. Tiya biyu ta dawa kullum, da kanwa, da toka ta maganin ƙwarkwata, duk sai na ɗauko a kafaɗa, na aro kwalekwale, na tuƙa na kai mata. Da na yi wa Bahauddeen ƙorafi ya ce ai wancan na waya ma wasu jiragen ne ke bin sa da abinci. Bai faɗa mini haka ba sai da na gama ginawa.

Babbar wahalarta a duniya ita ce rashin wurin tsayawa. Na kai ta mashigar masunta, ta tare musu hanya. Na kai ta mashayar shanu, shanu suka gan ta suka ƙi shan ruwa. Na kai ta wajen masu wanki, tantabaru suka yi wa shanya abin da tantabaru suka iya. Daga ƙarshe na ɗaura mata dutse na jefa a ruwa, amma iska ta riƙa jan ta har da dutsen. Sau biyu tana yaga komar masunta, sau ɗaya ta shiga shinkafar wani bawan Allah. Na ba da haƙuri a bakin dam ɗin nan har bakina ya bushe.

Ciwon ajalinta ya fara ne da damina. Ruwan shuka ya sauka, mai shela ya zaga gari cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Na ɗaure awakina, sannan na tuna ina da wata mai shiga gonar mutane. Lokacin ruwan dam ya ja baya sosai. Na sari turken ƙirya, na kafa shi a laka a bakin ruwa har sai da guduma ta daina shigar da shi, na ɗaure ta da sabuwar igiya kamu uku, ɗaurin da na koya tun ina tsayin akuya. Sarkin ruwa Ɗanmaliki, dattijon masunta, yana gyaran koma a gefe. Ya ce, "Malam Abdulmutalib, jirgi ba akuya ba ne, ƙara mata igiya." Na ce, "Sarki, shekara arba'in ina ɗauri, dabbata ba ta taɓa cin shukar kowa ba." Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya koma kan komarsa.

Na zuba wa tantabaru dawar kwana goma na tafi noman gyaɗa. Aka yi kwana uku ana ruwa, rafuka suka kawo, dam ya cika. Ruwa yana ɗaga ta, igiya tana riƙe da hancinta a ƙasa. Ranar Talata Ɗanmaliki da kansa ya zo gona a bayan babur ya kira ni. Na iske ta ta sunkuya, gaba a nitse, baya a sama, durom suna shan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Maganarta ta ƙarshe ita ce buƙ, buƙ, buƙ. Turken kuwa ko motsi bai yi ba. Wannan kam a shaide ni, na iya ɗauri.

Ta rasu ta bar durom uku da aka ce an gan su sun nufi wajen Rogo, wanda ya tsinta na yafe masa. Ta bar katangar gidana a rushe. Ƙwai da 'yan shila waɗanda ba su yi gashi ba sun tafi tare da ita. Ta kuma bar tantabaru sittin da ɗaya, su ne dalilin wannan takarda. Kowace la'asar suna zuwa daidai inda shuɗin rufin yake a da, su yi kewaye uku, su sauke ƙafafu, su tarar da ruwa, su sake tashi. Sai sun gaji su faɗa kan wani busasshen ice, shaho yana jiran su. Na watsa dawa a gaɓa, na yi musu fiton da mahaifina yake yi, ko kallona ba su yi ba. Jiya na ƙirga hamsin da biyu.

Za a fito da marigayiya ranar Asabar da hantsi, a gaɓar da ke ƙasa da mashayar shanu. Liman ya ce ba a yi wa katako salla, na kuma yarda. Masu nutso na Ɗanmaliki za su yanke igiyar, mai shanun noma ya taimaka da su, mai igiya ya zo da ita, doguwa, gajeru ina da su da yawa. Malam Sulle zai cire rufin ya kafa shi a kan dirka a tudu, ko tantabarun za su gane gidansu. Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Kada kowa ya wahalar da kansa faɗa mini abin da ya kamata in yi, an riga an faɗa mini a kan lokaci.

Roƙo ɗaya nake yi. In la'asar ta yi kowa ya ja baya, a yi shiru, kada a ɗaga hannu. In sun sauka, kowa ya kama hanyar gida, ba sai an yi mini sallama ba. In ba su sauka ba, a bar ni a wurin, ni na san wanda zan ba amsa, wanda ya ce kada in bari su watse.

Mai sanarwa,
Abdulmutalib, Tudun Kaya.