An Haska Bango, Rami Yana Nan

Yau da hantsi na faɗa rami. Tsohon ramin nan ne na bakin layinmu, inda ruwa ya cinye kwalbati muka ɗora katako muna tsallakawa kamar awaki. Daga layin mai na fito, rana ta gama cin ƙeyata, riƙe da galan ɗin da aka zuba mini rabi bayan roƙo. Katakon ya juye. Ni ƙasa, galan ƙasa, fetur ya bi kwata ya tafi inda alkawuran manya suke tafiya. Da na ɗaga kai daga cikin taɓo, wa zan gani? Mai Girma Uban Alkawari a jikin bangon shagon aski, ƙirji kamar ƙofar gareji, mayafi yana kaɗawa a bayansa, ya ɗaga gada da hannu ɗaya yana yi mini murmushi.

Yadda aka yi ya hau bangon nan, laifin maƙwabtana biyu ne, Mai Aski da Bakanike. Magidanta ne masu 'ya'ya, amma fina-finan jaruman nan masu tashi sama sun ci musu hankali. Kullum da yamma sai su tayar da janareto su zuba wa talabijin ido. Ba ma faɗan ne ya dame su ba, abotar jaruman ce. Mai Aski yana bayan wani da ke rikiɗewa ya zama hayaƙi, Bakanike yana bayan amininsa mai hannun dutse, kuma sun daɗe suna musu a kan wanda ya fi riƙon amana.

"Kawu, gini yana ruftawa fa ya koma ciki ya ɗauko abokinsa," in ji Mai Aski, aska a wuyana, idonsa cike da ƙwalla.

Na ce, "Goge idonka ka kalli maƙogwarona. Ƙato da kai kana kuka a kan mutumin da ko wando mai mutunci bai iya sawa ba."

Ni abin da ya dame ni daban ne. Yayata tana zaune a gidana, ƙafarta na da ciwon da sai an riƙa wanke shi a asibiti. Tun da kwalbatin ya rufta, mota ba ta shiga layin, ita kuma ba ta iya hawa katako. An sha sa mata rana tana wucewa, ƙafar tana ƙara kumbura. Mun kai kuka har mun gaji.

Sai Bakanike ya zo da dabara. Ya ce, "Kawu, manya ba sa jin kuka, amma suna son ganin fuskarsu. Mu zana Mai Girma a matsayin jarumi yana ɗauke da gada. Kunya kaɗai za ta sa ya gina." Na ce masa wanda yake neman kunya a wurin nan ya ɓata hanya. Ba su ji ba. Suka kira mai fenti, ya rage wa Mai Girma tumbi, ya mayar da shi kafaɗa.

Hoto ya zagaya wayoyi, ya kai inda ake so. Ranar da Mai Girma ya zo, wata babbar mota ta riga shi isowa da faffaɗan ƙarfe, aka shimfiɗa a kan ramin. Yaya ta leƙo ta taga ta ce, "Ashe yaran nan sun fi ka hankali." Mai Girma ya taka ƙarfen da aminansa, suka riƙe hannun juna a gaban bango, aka ɗauki hoto, ya yi jawabi a kan yadda talakawa suka gane shi. Yana shiga mota aka ɗaga ƙarfen aka mayar bayan babbar motar, ya bi ayari. An ce akwai wani ramin da zai tsallaka a gaba.

Kada a ce ba a yi mana komai ba, ni ba butulu ba ne. An kewaye zanen da shinge. An kafa masa fitila mai aiki da hasken rana. An ɗauki mai gadi, an kuma naɗa kwamitin kula da launin mayafin.

Tun ranar na fara ganin na raina baiwar manyanmu. Wancan na fim hayaƙi yake zama a gan shi yana tashi. Namu ana gama ƙirga ƙuri'a yake ɓacewa, ko ƙauri ba ka ji. Wancan gini yake ɗagawa yana nishi. Namu kasafin shekara yake ɗauka da yatsa biyu, hularsa ba ta ko karkace ba. Abota kuwa, a nan ne masu fim ya kamata su zo su ɗauki darasi. Bari a kama ɗaya da hannu a cikin asusu, kafin ka juya sauran sun dira, wannan da lauya, wancan da takardar likita, sun fito da shi ko ƙura bai kwasa ba. Ba su taɓa barin nasu a cikin ginin da ke ruftawa ba. Mu ne ginin yake faɗo wa.

To, yau ce ranar Yaya ta asibiti, kuma man da ya bi kwata na motar maƙwabcin da zai kai ta ne, motar tana jira a hayin ramin. Ina tsaye taɓo har gira, sai ga mutanen nawa, Mai Aski da Bakanike. Suka fito da kujerar aski, suka shiga gida suka ɗora Yaya a kai, suka gangara cikin kwatar da ƙafafunsu, ruwa har gwiwa.

"Ni ne mai hannun dutsen, duk nauyin a gefena yake," in ji Bakanike.

"Ƙarya kake, kai da kake nishi tun daga zaure."

Yaya ta ce, "Ku rufe mini baki ku kalli gabanku. Kuka kayar da ni, babu jarumin da zai cece ku."

Da suka sauke ta, Bakanike ya koma ya juye man janareton shagon a galan ɗina, kaf. Ya ce, "Yau babu kallo ke nan, Kawu. Ka ji daɗi." An wanke ƙafar, mun dawo, sun sake ɗauko ta.

Har yanzu ina nan kan bakana, kallon ƙattai cikin matsattsun kaya ɓata lokaci ne, kuma na gaya musu haka da na je yin godiya. In kun biyo layinmu bayan faɗuwar rana ku taka a hankali. Fitilar tana haska fuskar Mai Girma tar, ramin ne dai haskenta bai kai ba.