Ƙeyar Oga Na-Sani

Kai jama'a, Allah Ya yi baiwa a nan! In ana lissafa waɗanda ilimi ya yi wa yawa har yana zuba, to a fara da Mataimakin Daraktan kamfanin gine-ginenmu, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Shekara ashirin da shida ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin duk wanda ya kama shi, washegari a sito zai tsinci kansa yana gadin siminti. Kafin ka buɗe baki ya ce, "Na sani." Shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Oga Na-Sani. A bayan ido dai, kowa yana da 'ya'yan ciyarwa.

Ana nan sai Darakta ya yi ritaya, hukumar kamfanin ta ce za ta gana da masu son kujerar ranar Litinin, kuma sabon jini take nema. Kujerar nan Oga ya daɗe yana yi mata kallon da kura ke yi wa akuya. Jini kam yana da shi. Kan ne ya ci amanarsa, ya yi fari fat kamar an juye masa kwandon auduga.

Wajen mai aski? Allah Ya kiyaye! Bakin mai aski ya fi rediyo nisan zango. Oga ya saka baƙin tabarau, ya je kantin da ba a san shi ba, ya sayo kwalin rinin gashi, wai na wani ƙaninsa ne.

Litinin da sassafe ya shige banɗaki ya murza makulli. Matarsa ta ƙwanƙwasa.

"Baban yara, ka bari in taya ka mana. An ce abin nan sai da mutum biyu."

"Ni da na tsaya a kan ginin bene goma sha ɗaya? Kan mutum ɗaya ne zai gagare ni? Je ki ga shayi."

A cikin kwalin akwai takardar bayani. Oga ya dube ta sheƙeƙe. Shi da takardu ke layi suna jiran sa hannunsa, yau wata 'yar ficiciya ce za ta ba shi umarni? Ya shimfiɗa ta ya ɗora kwalaben a kai. Ya haɗa, ya gauraya, ya tsaya gaban madubi yana shafawa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Goshi ya samu, gefe da gefe sun samu, gira ma da ba ta roƙa ba an yi mata ihsani. Da ya wanke ya ɗago, sai ga wani saurayi a madubi yana kallonsa. Oga ya yi masa murmushi, saurayin ya rama. Wayyo daɗi! Dattijo ya taka rawa da tawul a ƙugu har ya kusa zamewa.

Abu ɗaya ne ilimin bai kai ba: madubi gaba yake nunawa. Daga tsakar kai zuwa wuya, furfura tana nan zaune lafiya lau, faffaɗa kamar faranti. Hankaka gabansa fari bayansa baƙi, Oga kuwa ya zo da sabon tsari.

Ya fito ba hula, don wa zai rufe irin wannan aiki? Matar ta gan shi ta gaba ta riƙe baki. Ya wuce, ta gan shi ta baya ta saki cokali.

"Baban yara, tsaya, ƙeyarka..."

"Na sani. Kishi ne. Ki kwantar da hankalinki, ba zan kula 'yan mata ba."

Ta ce, "To, a dawo lafiya," ta koma kicin ta toshe baki da gyale.

Direba ya buɗe masa ƙofa, ya haɗiye abin da ya gani. A ofis kuwa, Oga bai taɓa yarda wani ya sha gabansa ba, kullum shi ne a gaba, jama'a a baya. Yau sai ga rakiya ta ninka. Akawu ya bar teburinsa, masu shara suka jingine tsintsiya, har mai gadi ya bar ƙofa ya bi sahu. Duk wanda ya tare shi ta gaba sai ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kamar ango!" sannan ya yi sauri ya zagaya baya. Tsohon masinja ya fashe da tari har da hawaye.

"Kun gani?" in ji Oga. "Farin jini ba a sayensa a kasuwa."

A ɗakin taro mutum biyar ne, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Oga ya gyara kwat ya fara.

"Ni mutum ne mai bin diddigi. Aikina ba lungu, ba saƙo. Abin da ido bai gani ba, nan nake fara dubawa."

Don ya burge su, ya ɗauki alƙalami ya juya ga allo zai zana tsarinsa. Minti ashirin cur yana zane, ya ba su ƙeya. Ɗaya ya cusa kai cikin fayil. Ɗaya ya fita wai an kira shi a waya, aka jiyo shi a baranda yana shessheƙa. Oga yana jin motsi, ransa fari ƙal: jawabi ya ratsa su.

Da ya gama, dattijuwar ta ce, "Malam, mutum nawa suka gan ka yau kafin ka shigo nan?"

"Sun fi arba'in, ranki ya daɗe. Kowa sai yabo."

"Ba wanda ya ce maka komai?"

"Ai ba sa iya ɗaga ido a gabana."

Ta miƙo masa wayarta. Hoton wani tsoho ne a gaban allo, an ɗauke shi ta baya. Oga ya buɗe baki zai tambayi ko wane ne, sai ya gane kwat ɗin. Kunya ta rufe shi tun daga inda rinin ya tsaya.

"Rini ba laifi ba ne," in ji ta. "Amma mutumin da arba'in suka ga ƙeyarsa aka rasa mai gaya masa, ranar da bango ya tsage ma ba za a gaya masa ba. Mun gode, sai ka ji daga gare mu."

Oga ya tattara takardunsa. Juyawa kuma ta gagara. Haka ya fita da baya da baya, yana ɗan rusunawa har bakin ƙofa. Ma'aikatan da ke leƙe ta taga suka rantse ba su taɓa ganin ya yi wa wani ladabi irin na yau ba.