Sabulu a Salansar Babur ɗin Ruwa

"Lafiya lau, ya gajiya? Au, ashe bawana ne. Tun ɗazu nake cewa wa ya shigo mana da warin bandar kifi."

Babayo ke nan, yana tsugune a wani sito da ke bayan unguwar Dengfeng, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Bafulatanin Gombe ne, ya shekara ashirin yana gyaran babura kafin ya koma sayo kaya. Wanda ya shigo kuwa Kallamu ne, Babarbaren Baga, wanda ya tashi cikin jiragen inji a bakin tafki. Bafulatani da Babarbare kuwa ba sa gaisawa su rabu haka nan.

Abin da ke gaban Babayo babur ne na ruwa, na hannu, wanda wani mai wurin shaƙatawa a bakin dam ya sa a sayo masa. Mutumin ya ce sai ya ga bidiyon injin yana aiki babu ɗigo kafin a loda, in ba haka ba ya fasa. Kwantena kuma da la'asar za a rufe ta. To akwai wasu 'yan bututun tagulla biyu da ake murɗawa a jikin salansa, ta nan ruwa ke bi yana sanyaya ta. Haƙoran murɗinsu sun yi sako-sako, suna yoyo.

Kallamu ya leƙa, ya ce, "Ɗan Fulani, wannan farin abin mene ne a bakin bututun? Kindirmo ka zuba masa?"

"Sabulu ne, jahili. Na cika haƙoran da shi na ɗaure. Tankin babur nawa na toshe da shi daga Gombe har Dukku?"

"To kunna mu gani."

Babayo ya tada inji, ya buɗe tiyo. Minti ɗaya lafiya. A na biyu sai ga kumfa tana tsartuwa, ta gangara har kan takalminsa. Ya kashe da sauri.

Kallamu ya zauna a kan kwali, ya ce, "Masha Allahu. Ɗauki bidiyon haka, ka ce masa injin wanki ka samo."

"Sabulun Sin ne ba shi da kyau."

"Sabulun bai yi laifi ba. Fetur ba ya narkar da shi, shi ya sa kake tsira a Gombe. Amma ruwa? Da yake wanka sai sallah-sallah kuke yi, ina za ka san abin da ruwa ke wa sabulu?"

"Ka ji mutumin da kakansa ya yi wa kakana dakon ƙwarya. To zan naɗa robar tayar keke."

"A jikin salansa mai zafi? Naɗa. In ta narke sai ka aika masa da ƙauri a ambulan."

Babayo ya dubi agogo. Wannan ne saƙon farko da mai wurin shaƙatawar ya ba shi, Babayo kuma ya riga ya cika masa baki cewa babu injin da ya gagare shi.

Sai Kallamu ya zaro wani ɗan gam daga jakarsa, irin wanda ke jure zafi, yana juya shi a hannu.

"Ina ka samu? Na tambayi lawban ɗin bakin layi, mai shagon nan, ya ce meyo, wai babu."

"Shagon waya ka shiga, na gan ka. Ko saniya ta san inda ake sayar da dusa."

"Miƙo, bawa ba ya riƙe abu ubangijinsa yana so."

"Sharaɗi ɗaya. In ya tsaya, kai za ka ɗauki jakar nan a ka, daga nan har ƙofar ginin kasuwar Tianxiu, kana bayana."

"Ni? Gaban 'yan Kano da 'yan Kumasi?"

"Su nake so su gani."

"Allah Ya kiyaye."

"Amin. Sai gobe." Kallamu ya miƙe.

"Kai, dawo. Tsoho da saurin fushi."

Kallamu ya naɗe hannun riga. Ya kwance bututun biyu, ya kankare sabulun da burushin waya, ya goge har wurin ya bushe sarai. Sannan ya shafa gam a haƙoran, ya bar na bakin don kada ya toshe hanyar ruwa, ya murɗa da hannu, ya ƙara kaɗan da sifana.

Babayo ya ce, "Ƙara ɗaurewa mana. Ko ƙarfin ya ƙare a jan koma?"

"Irin ɗaurinka ne ya cinye haƙoran. Wannan ba turken maraƙi ba ne. Kada ka taɓa sai mun yi azahar mun ci abinci. Kai za ka saya."

Bayan awa biyu suka dawo. Aka tada inji, aka buɗe tiyo. Babayo ya bi bakin bututun da yatsa sau uku, a bushe. Ya ɗauki bidiyo ya tura, amsa ta zo nan take: a loda.

Kallamu ya tura masa jakar da ƙafa.

Babayo ya dube ta, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ɗaga ta ya ɗora a ka.

"Mu je, ranka ya daɗe. Amma ka yi sauri, don duk wanda ya tambaye ni a hanya, cewa zan yi kora ka nake zuwa kasuwa."