Ruwan Bagaruwa a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida iyayen Binta, yarinyar da nake neman aure, a Kausani. Farkon dawowar mulkin farar hula ne, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Wudil, kuma a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba.

Dasashina ya daɗe yana jini, ko aswaki na taɓa sai na tofar da ja. Na karanta cewa ruwan bagaruwa yana ɗaure dasashi, sai na daka ta, na tafasa a wani tsohon gwangwani mai tsatsa. Ruwan ya fito baƙi ƙirin, na ce alamar ƙarfi ce (ni da nake koya wa yara cewa bagaruwa da ƙarfe su ke ba da baƙin rinin fata). Na yi ta kuskure baki da shi safe da yamma. Jini ya tsaya, amma haƙorana suka koma kalar gindin tukunya. Na dirje da gawayi, na dirje da toka, ko gezau.

Ga shi an riga an sa ranar gaisuwa, kuma mahaifinta, Malam Sule, bai gama yarda da ni ba. Sai na yi dabara. Ai suruki ba ya surutu gaban manya. Zan durƙusa, in sunkuyar da kai, Kawuna ya yi magana a madadina, a ce yaron akwai kunya.

Dabarar ta ci har aka kusa shafa fatiha. Ashe Binta ta gama yi min talla a gida.

"Malam," in ji tsohon, "an ce ka haɗa maganin dasashi. Matso, buɗe bakin mu gani."

Na dubi Kawu, Kawu ya dubi rufin zaure. Na rarrafa gabansa, na wangale baki. Wani ƙanen Malam Sule ya yi salati da ƙarfi, wani ya toshe baki da hannun riga yana jijjiga. Wallahi a ranar na so ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, Binta ta tafi.

Shi kuwa tsohon bai yi dariya ba. Ya kama haɓata, ya juya ni wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"Jinin ya tsaya?"

Na gyaɗa kai, bakina a buɗe.

"Ciwon fa?"

"Ya tafi, Baba."

Ya sake ni. Sannan ya ce, "Rabona da tauna nama tun Babbar Sallar bara. Ka kawo min. Baƙin bai dame ni ba, ni wa zan yi wa murmushi?"

Sai a lokacin na lura da yadda yake magana a hankali, yana kare leɓensa. Ni ina ta fargabar yadda za a gan ni, shi kuwa tuwo ma da ƙyar yake ci. Kunyar da na ji ta biyu ta fi ta farko.

Na dafa masa a tukunyar ƙasa don kada ruwan ya yi baƙi, na kuma raka shi asibiti aka duba shi. An ɗaura aure bayan kaka.

Abin da na koya: gwada magani a kanka kafin ka ba wani abu ne mai kyau, amma ka fara tambaya ko akwai inda za a ce ka buɗe baki a makon.