Ɗalibi Mai Ido Uku a Kujerar Baya

Wani ne ya gama karatunsa a Manchester, ya shekara guda a ɗan ɗakinsa na unguwar Hulme yana neman aiki. Da ƙyar wata firamare a Sparkhill ta Birmingham ta ce ya zo gwaji na kwana ɗaya. In ya burge shugabar makarantar, Misis Lovelyn, aiki ya zama nasa. Bai taɓa ganin matar ba, ta waya kawai suka yi magana.

Mutumin ya goge kwat, ya hau jirgin ƙasa, ya dira. Ashe ranar ce masoyan wani fim na halittun sararin sama ke bikinsu duk shekara, kuma makarantar ta ɗauki abin kamar Sallah. Ko mai gadi sanye yake da kunnuwan roba. Aka miƙa wa namu takobin roba mai walƙiya, aka ce yau da shi ake nuna allo. Ya karɓa don dole, yana istigfari a zuci.

Ya shiga aji ya tarar da dodanni talatin, ba fuskar ɗan Adam ko ɗaya. Ya daure ya fara lissafi da taurari, yara kuwa suna ta jin daɗi. Sai ya hango wani gajere a kujerar baya, mai shuɗiyar fuskar roba da ido uku, ya duƙufa yana rubutu, ko allo ba ya kallo.

Ya ce masa, “Kai, uku sau bakwai nawa?”

Gajeren ya ci gaba da rubutunsa. Wata yarinya, Inaya, ta ɗaga hannu ta ce ai wannan halittar ba ta magana a fim ɗin. Ta so ta ƙara bayani, ya ce ta rufe masa baki, shi ma ya taɓa zama yaro.

Ya taka har baya, ya fizge takardar, ya yaga ta gida takwas ya cusa a aljihu. Ya sa Mai Ido Uku ya fuskanci bango, ya ɗaga hannu sama. Namu ya ji daɗi har ransa, ya ce yau Turawa sun ga tarbiyya irin ta Kano.

Ana tashi ya tasa shi gaba sai ofishin shugaba, yana yi masa faɗa a hanya, wai gajarta ba hauka ba ce. Suka tarar ba kowa a ofis. Mai Ido Uku ya zagaya teburi ya haye kujerar shugaba, har da juyi.

“Sauka! Kujerar ubanka ce?”

Sai aka cire fuskar roba. Ga furfura, ga tabarau, ga muryar nan da ya sani a waya.

Misis Lovelyn ta ce masa shekararta talatin tana aikin nan, ba wanda ya taɓa sa ta fuskantar bango. Ta ce takardar da ya yaga kuwa ta ɗaukarsa aiki ce, ta cike komai, sa hannu kawai ya rage. Sannan ta tambaye shi ko yana da abin cewa.

Mutumin ya laluba aljihu, ya zube gutsattsarin a kan teburi, ya durƙusa.

“Ranki ya daɗe, ko akwai salatif a ofis ɗin nan?”