Takobin Dakta Husam

Sunan mutumin ya kwance mini, haka ma garinsu. Tsufa ya fara kwashe mini kaya ba sallama. Amma labarin yana nan, tun daga zamana na Alƙahira.

Wani ne yake aikin share-share a gidan Dakta Husam, wani dattijo mai tara kayan tarihi a unguwar Mohandessin. An ba shi ɗaki a saman bene, nan yake kwana. Farkon 2011 da gari ya rikice, Dakta ya shirya tafiya wajen 'yarsa a Iskandariyya. Ya ja mutumin zuwa kusurwar falo, ya nuna masa wani maɗori baƙi wuluk mai sheƙi, an yi masa adon tsuntsaye da ɓawon katantanwar teku. Hannuwan maɗorin biyu masu lanƙwasa suna riƙe da takobi.

"Ka ga wannan? Ya fi duk abin da ke gidan nan. Idan wani abu ya same shi, kai da ɗakinka khalas, an gama."

"Dakta, tafi abinka. Jikan mayaƙa ka bar wa."

Dakta na fita, mutumin ya sauke takobin ya naɗe shi cikin bargo. Ya tsaya yana kallon maɗorin, ya girgiza kai.

"Kai ne matsalar. Wannan ƙyallin naka shi zai ce wa ɓarawo akwai takobi a gidan nan."

Ya saɓa shi a kafaɗa, ya hau jirgin metro sai unguwar Ainu Shams, wajen Awadiyya, wata Bahaushiyar Sudan mai yi wa amare lalle.

"Yaya Awadiyya, ga katako na kawo miki."

Ta juya shi, ta ɗora hannunta a kan lanƙwasar. "Ya zol, bawan Allah, ai wannan na shanya ƙafar amarya ne! Wa ya yar?"

"Larabawa. Ba su san amfaninsa ba."

Takobi kuwa ya ga gata. Da shi yake kwana, da shi yake shiga banɗaki. Kowace safiya sai ya shafa masa man zaitun. Ran Juma'a ya soke shi cikin jallabiya ya tafi masallaci, ruku'u ya gagare shi, har na kusa da shi suka riƙa yi masa addu'ar ciwon baya.

Da gari ya lafa, Dakta ya dawo. Mutumin ya tare shi a bakin ƙofa, ya kwance bargon a hankali, ya miƙa masa da hannu biyu.

Dakta ya leƙa bayansa. "Ina maɗorin?"

"Wane? Katakon?"

"Katako! Daga Japan ya zo, ya girmi kakan kakana! Ƙaron itace aka yi ta shafa masa, shafi bisa shafi, shekara da shekaru, kafin ya yi wannan sheƙin. Takobin nan a kasuwar Ataba na saye shi wurin mai kayan wasan yara, don kada wurin ya zauna ba komai!"

"Shi ya sa ya ƙi yanka albasa."

"Yalla, mu je! Idan ɓawo ɗaya ya ɓace, ka kwashe tabarmarka."

Suka isa gidan Awadiyya, suka tarar mata sun cika ɗaki ana ta guɗa. Ta tare ƙofa.

"Maza ba sa shiga. Ƙafar amarya na kai, lalle bai bushe ba."

"Baiwar Allah, kayan tarihi ne!"

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Dakta. Ita ma aurenta na fari ne."

Dakta ya zauna a matakalar bene ya dafe kai. Mutumin ya zauna gefensa rungume da takobi, yana cewa ya kwantar da hankalinsa, matar akwai tsafta.

Bayan la'asar Awadiyya ta fito da maɗorin. Sheƙinsa na nan, sai dai hannuwan nan biyu sun buɗe baki kamar akushi, farin itace a fili, tsuntsayen wajen duk sun tashi.

"Masu aikin ba su auna da kyau ba," in ji ta. "Ƙafar amarya Bakhita ta ƙi shiga, sai da na kira kafinta ya ƙara masa faɗi."

Dakta ya karɓi maɗorin yana jujjuya shi. Mutumin ya yi wuf ya shige kicin ɗin Awadiyya, ya fito da kofin shayi yana kaɗawa, kacau-kacau.

"Dakta, albishirinka! Ga ɓawon nan duk ta tara. Ko ɗaya bai ɓace ba."

Na daɗe ina shakkar ko ni na ƙara wa labarin gishiri, don kaina ba abin dogaro ba ne yanzu. Sai a 2013 na ci karo da mutumin a Ataba yana dakon kaya, takobin rataye a bayansa. Ya tabbatar mini komai, har da korar da aka yi masa ranar. Na ce ko ya gane laifinsa?

Ya zare takobin ya nuna mini. "Malam, duba da kyau. Ko ƙwarzane ka gani?"